Gittawar duniya a gaban tauraro: tana iya faɗa mana girman tauraron kansa?

Tsinkaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana taurari. Abin da aka saba ji shi ne, idan wata duniya ta gitta ta gaban tauraronta haskensa yakan ɗan dusashe, daga yawan dusashewar ake gane girman duniyar, amma sai an riga an san girman tauraron. To ga shi kuma ana cewa da gittawar ake auna tauraron ma. Ni dai na ga kamar wuri ɗaya ake zagayawa. Wanne ake fara sani?

MalamFalaki:
Wa alaikumus salam. Ba zagaye ba ne, abu biyu ne daban ake cirowa daga zanen haske guda.

Na farko zurfin dusashewar. Shi rabo kawai yake bayarwa: faɗin duniyar a raba da faɗin tauraron, abin da ya fito a ninka shi sau kansa. Faɗin Mushtari kusan ɗaya bisa goma ne na faɗin Rana, saboda haka in ta gitta za ta rage kashi 1 cikin 100 na hasken. Duniyarmu kuwa kashi 84 cikin miliyan kacal za ta rage. A nan ba ka samu kilomita ko ɗaya ba.

Na biyu lokaci. Ka san kwanakin da duniyar take yi kafin ta kammala kewaye, tunda gittawar na maimaituwa, ka kuma san awannin da take yi a kan faifan tauraron. Waɗannan biyun suke ba ka a/R, wato nisanta daga tauraron in an auna shi da rabin faɗin tauraron. Tamu duniyar kwana 365.25 take yi, gittawarta ta tsakiyar Rana kimanin awa 13 ce, a/R ya fito 215. Da ka sa wannan a dokar Kepler ta uku, abin da zai faɗo shi ne cunkoson tauraron, wato nauyinsa a raba da girman cikinsa. Sara Seager da Gabriela Mallén-Ornelas ne suka shimfiɗa lissafin filla-filla a 2003. Cunkoso kake samu kai tsaye, girma kuwa sai ka kawo nauyi daga waje.

Bakatsine_77:
Ashe ke nan mai tambaya na da gaskiya, Malam. In sai an kawo nauyi daga waje, gittawar ba ta auna girma ba.

UwarLissafi:
Ta yi rabin aikin, kuma rabi mai wuyar. Bari in sa lambobi a gani. Mu ɗauki HD 209458, tauraron da aka fara ganin gittawar duniyarsa a 1999.

Kewaye, P: kwana 3.5247, wato awa 84.6.
Rabon faɗi, k: 0.121.
Daga taɓawar farko zuwa ta huɗu, wato daga fara shigarta faifan zuwa gama fitarta, T14: awa 3.08.
Daga taɓawa ta biyu zuwa ta uku, lokacin da duniyar ke cikin faifan gaba ɗayanta, T23: awa 2.22.

a/R = (2P/π) × √k ÷ √(T14² − T23²)

2P/π ya ba da 53.9. √k ya ba da 0.348. A ƙasa, 9.49 a cire 4.93 saura 4.56, tushensa 2.135. Duka ya fito wajen 8.8.

Cunkoso a giram kan kowane santimita kubik = 0.0189 × (a/R)³ ÷ P², P a kwanaki. Ya fito 1.03. Na Rana 1.41 ne, ke nan wannan tauraron yana da kashi 73 cikin 100 na cunkoson Rana. Yanzu a kawo nauyi: daga zafinsa da layukan bakan haskensa an kimanta shi wajen 1.12 na Rana. 1.12 a raba da 0.73, a ɗauki tushe na uku, 1.15 na faɗin Rana.

Daɗin abin yana wurin tushe na ukun nan. Ko ka kuskure nauyi da kashi 10 cikin 100, girman da kashi 3 kawai zai kauce. Shi ya sa ba a tsoron aro nauyi daga waje.

Gamzaki:
Madalla da Hajiya. Kuma lambarta ta yi daidai da abin da Timothy Brown da abokansa suka samu da madubin Hubble da ke sararin samaniya suka wallafa a 2001, 1.146.

DanDamagaram:
Wani ya bayyana mini dalilin T23. Me zai hana a tsaya a tsawon gittawar kawai?

MalamFalaki:
@DanDamagaram, saboda ba ka san ta ina duniyar ta ratsa ba. Mota biyu masu gudu ɗaya, ɗaya ta ratsa tsakiyar gari, ɗaya ta bi ta gefe, ta gefen za ta riga fita, alhali garin bai ƙanƙance ba. Haka gajeriyar gittawa na iya nufin ƙaramin tauraro, tana iya nufin babba da aka ratsa ta gefensa. Abin da ke raba gardama shi ne tsawon shiga da fita. Wadda ta bi ta tsakiya da sauri take nutsewa cikin faifan, wadda ta bi ta gefe a karkace take shiga, sai ta daɗe. A HD 209458 duniyar tana bi ne ta rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da baki, shigarta tana cin wajen minti 26.

UwarLissafi:
In ƙara a kan na Malam. Ka ɗauka ta tsakiya ta bi, alhali ba haka ba ne: a/R zai fito 9.8, cunkoso 1.43, girman tauraro 1.03 maimakon 1.15. Ka yi asarar kashi 10 cikin 100, duniyar ma ta ƙanƙance da kashi 10, don girmanta a kan nasa aka ɗora shi.

Ko da ka yi ƙoƙarin auna T23, kuskuren minti 6 kacal, 2.32 a madadin 2.22, yana kai a/R zuwa 9.25, cunkoso 1.20. Duk wahalar sana'ar tana cikin waɗannan 'yan mintoci na shiga da fita.

Mai_Madubi:
Kuma a ainihin zane ba za ka ga kusurwa huɗu a tsaye ka sa musu alama ba. Tauraro ya fi haske a tsakiyar faifansa, gefen ya fi duhu, don a gefe kana kallon saman iskar tauraron ne, inda ya fi sanyi. Saboda haka ƙasan zanen ba shimfiɗe yake ba, lanƙwashe yake, taɓawa ta biyu da ta uku sun narke a ciki. Shi ya sa ba wanda ke karanta T23 da ido. Ana ɗora samfurin lissafi ne a kan bayanan, irin na Mandel da Agol na 2002, wanda ke cikin manhajoji kamar batman da EXOFASTv2. Duhun gefen ana kwatanta shi da lambobi biyu, u1 da u2. Ko ka ɗauko su daga jadawalin Claret gwargwadon zafin tauraron da matatar hasken da ka yi amfani da ita, ko ka bari samfurin ya nemo su da kansa. In ka kafe su kuma jadawalin ya ɗan kauce, kuskuren zai ɓuya a cikin a/R ba ka sani ba. In ka sake su, iyakar kuskurenka za ta faɗaɗa, amma ta gaskiya ce. Ni ina ganin na biyun ya fi in bayanan na da tsabta.

Wani abu: kada a ɗauki zurfin tsakiyar zanen a ce shi ne k². A hasken da ido ke gani, tsakiyar gittawar HD 209458 ta fi kashi 1.46 da k² ke bayarwa zurfi, don duniyar tana rufe wuri mai haske fiye da matsakaici. A jan haske da infrared matsalar tana raguwa sosai.

KazaDaYaya:
Ba wanda ya taɓo babbar matsalar tukuna. Duk lissafin Hajiya ya ɗauka kewayen da'ira ce cikakkiya. In ya miƙe ta gefe ɗaya, gudun duniyar na canzawa: kusa da tauraro ta yi sauri, nesa ta yi sanyi. Cunkoson da za ka lissafa sai ya ninku da g³, inda g = (1 + e sin ω) ÷ √(1 − e²), e shi ne yawan miƙewar kewayen, ω kuma kusurwar da ke nuna inda miƙewar ta fuskanta. Ko e ɗin 0.1 ne kawai, in gittawar ta faɗo lokacin da ta fi kusa, g ya zama 1.105, cunkoso ya haura da kashi 35 cikin 100, girman tauraro ya sauka da kashi 10. Zanen hasken shi kaɗai da ƙyar yake nuna maka hakan.

Gamzaki:
Haka ne, amma ga manyan duniyoyi masu kewayen kwana uku zuwa huɗu jan tauraro ya riga ya daidaita mafi yawansu zuwa da'ira. Kuma ana iya dubawa: lokacin da duniyar ta ɓuya a bayan tauraron, in ya faɗo daidai rabin kewaye, e cos ω kusan sifili ne. Tsawon ɓuyar in an gwada da tsawon gittawa yana ba da e sin ω. Ga kuma awon kai-komon tauraro daga layukan bakansa.

KazaDaYaya:
Ga masu zafi na kusa na yarda. Wadda ke kewaye cikin kwana 50 ko 200 fa? Ɓuyarta ba ta ganuwa. Shi ya sa Rebekah Dawson da John Johnson suka juya lissafin a 2012: in ka san cunkoson tauraro ta wata hanya, sai gittawar ta faɗa maka miƙewar kewayen. Ba za ka ci biyu a lokaci ɗaya ba.

Bakatsine_77:
To ina nan a kan bakata. Har yanzu ba a nuna mini inda gittawa ta ba da kilomita ba tare da an jingina da samfurin rayuwar taurari ba.

MalamFalaki:
Akwai, ɗan'uwa, sai dai a haɗa da gudun duniyar. A 2010 Ignas Snellen da abokansa sun yi amfani da madubin VLT da ke ƙasar Chile suka bi layukan iskar carbon monoxide a sararin HD 209458 b suna gocewa lokacin gittawa. Gudunta ya fito kilomita 140 a daƙiƙa, da ragi ko ƙarin 10. Ninka da tsawon kewaye, daƙiƙa 304,500, ka raba da 2π: nisa kilomita miliyan 6.8. Raba da 8.8, rabin faɗin tauraron ya fito wajen kilomita 773,000, wato 1.11 na Rana. Ba samfuri a ciki, gudu ne da lokaci. Illarsa kuskuren kashi 7 cikin 100, ya fi na hanyar Hajiya faɗi, amma amsoshin biyu sun shiga cikin juna. Hanyar da aka daɗe ana bi ke nan da taurari biyu masu kewaya juna suna rufe juna.

DanDamagaram:
Ranarmu fa? Ai nan mun san nisan komai.

Mai_Madubi:
Nan ne ma aka yi abin da Bakatsine ke nema tsantsa. Tunda an san hanyar Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da Rana, da gudunta sarai, lokacin shigarta da fitarta kawai ake buƙata. Kumbon SOHO ya kalli gittawarta ta 2003 da ta 2006, Marcelo Emilio da abokansa suka fitar da rabin faɗin Rana kilomita 696,342, da ragi ko ƙarin 65. Lambar da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar a 2015 don lissafi kuwa 695,700 ce. Bambancin ya fi 65 nesa ba kusa ba, kuma babban dalilinsa shi ne Rana ba ta da baki mai kaifi. Wani yana auna inda haske ya fi saurin faɗuwa a gefe, wani yana nufin wani zurfi a cikin iskar. Ko a gida ke nan sai an fara yarda a kan inda tauraro ya ƙare.

Tsinkaya:
Ikon Allah. Gittawar Zuhura ta 1761 da 1769 ma girman Rana aka auna?

Gamzaki:
A'a, nisa aka nema a lokacin. Shawarar Edmond Halley ce ta 1716: a kalli gittawar daga wurare masu nisa da juna a doron ƙasa, bambancin lokutan ya ba da nisan Rana. Abin da ya kai James Cook tsibirin Tahiti ke nan a 1769. Abin da ya dame su shi ne baƙin ɗigon da ke haɗa Zuhura da bakin Rana a taɓawa ta biyu da ta uku, ya hana a tsayar da daƙiƙar. Duhun gefen da Mai_Madubi ya ambata na cikin musabbabinsa, tare da rashin kaifin madubi. Zuhura ta gitta a 2004 da 2012, sai kuma Disamba 2117. Uɗaridu ce ke kusa: 13 ga Nuwamba 2032, da safe a agogonmu, kuma Afirka na cikin inda za a gani. Kada wanda ya ɗora ido a madubi ba matatar Rana ta gaske a gabansa.

UwarLissafi:
Mu dawo kan taurarin nesa, akwai tarko biyu da ba a faɗa ba.

Ɗaya, tazarar ɗaukar hoto. Yawancin taurarin da kumbon Kepler mai neman duniyoyi ya kalla, duk minti 29.4 aka riƙa haɗa haskensu a fitar da lamba ɗaya. Shigar da ke cin minti 20 sai ta shafe ta zama kamar ta fi haka tsawo, samfurin ya ɗauka gittawar gefe ce, ya ba ka cunkoso ƙasa da gaskiya, tauraro ya kumbura. David Kipping ya yi bayanin wannan a 2010. Maganinsa a lissafa samfurin a gutsattsarin lokaci, misali goma a cikin kowane hoto, a ɗauki matsakaicinsu kafin a gwada da bayanan. In akwai bayanan minti ɗaya na Kepler ko na minti biyu na kumbon TESS da ya gaje shi, su za a ɗauka.

Biyu, hasken maƙwabci. Kowane ɗigon kyamarar TESS yana ɗaukar daƙiƙar baka 21 na sama (daƙiƙar baka ɗaya bisa 3,600 ce na digiri), na Kepler wajen 4. In wani tauraro mai haske daidai da naka ya faɗo ciki, zurfin ya rabu biyu. Tunda a/R na tafiya da tushe na huɗu na zurfin, zai sauka da kashi 16 cikin 100, cunkoso da kashi 40. A duba taswirar taurari ta kumbon Gaia tukuna, sannan a nemi hoto mai kaifi daga babban madubi.

KazaDaYaya:
Har da tabon jikin tauraro. In duniyar ta bi ta kan tabo za ka ga ɗan tudu a cikin zanen, in ya faɗo a shiga ko fita ya lalata maka T23. Wanda ba ta bi ta kansa ba kuma yana ƙara wa gittawar zurfi. A taurari masu tabo irin HD 189733 ba a dogara da gittawa ɗaya, tarawa ake yi.

Mai_Madubi:
Ga mai son gwadawa da ƙaramin madubi, HD 189733 ɗin ce mafi sauƙi: haskenta 7.7 a ma'aunin hasken taurari, zurfi wajen kashi 2.4 cikin 100, kewaye kwana 2.2186, gittawa ƙasa kaɗan da awa biyu. Tana digiri 23 arewa, HD 209458 tana 19, duka biyun kusan tsakar ka suke bi a Kano ko Zinder. Madubi mai faɗin santimita 20 ya isa. A sa jar matata, a ɗan kawar da saitin kaifi don hasken ya bazu a ɗigo da yawa kada ya cika su, a fara awa ɗaya kafin shiga a ci gaba awa ɗaya bayan fita. Taurarin gwaji uku zuwa biyar masu launi kusa da nata, a tace bayanan da manhajar AstroImageJ, a mayar da lokaci zuwa BJD, wato lokacin da aka daidaita da tsakiyar tsarin Rana, in ba haka ba tafiyar duniyarmu kaɗai na iya kawo saɓanin minti 8. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, don ƙurar hunturu ba daidai take rage hasken taurari masu launi daban ba. Da wannan za ka samu tsakiyar lokacin gittawa da zurfinta da kyau. Cunkoso kuwa sai ka tara darare da yawa, dare ɗaya ba ya tsayar da siffar shiga.

Bakatsine_77:
Na karɓi misalin Snellen da na SOHO. Amma tun da Gaia ta saki nisan taurari sama da biliyan ɗaya a Afrilu 2018, wa ke buƙatar wannan wahalar? Nisa da hasken da ke iso mu su ba ka ainihin ƙarfin haske, ka haɗa da zafi, girma ya fito.

MalamFalaki:
Ya fito, amma zafin fa? Girma na tafiya da zafi sau kansa. Kuskuren digiri 100 a tauraro mai zafin Rana, 5,772 a ma'aunin Kelvin, kashi 3.5 cikin 100 ne a girma, ga ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haske. Amfanin gaske yana wurin haɗa su. Girma daga Gaia, cunkoso daga gittawa, sai nauyi ya fito ba samfuri. An yi haka da 55 Cancri, inda girman ya zo daga madubai shida na CHARA da ke Dutsen Wilson a Kalifoniya, cunkoson ya zo daga duniyarsa mai kewayen ƙasa da awa 18. CHARA ɗin ta auna HD 209458 ma, ta samu kusan 1.2 na Rana.

Gamzaki:
Akwai kuma alƙali na uku, girgizar tauraro. Tazarar da ke tsakanin sautukan girgizar na tafiya da tushe na biyu na cunkoso, na Rana 135 microhertz. Abu ɗaya suke aunawa da gittawa ta hanyoyin da ba su haɗa komai ba, shi ya sa ake gwada ɗaya da ɗaya. Da ita aka san girman tauraron Kepler-93 da kuskuren wajen kashi 1 cikin 100. Sai dai tana son tauraro mai haske irin Rana ko wanda ya fara kumbura, a jajayen ƙananan taurari ba a kama ta ba.

UwarLissafi:
Su kuwa ƙananan nan ne gittawa ta fi amfani. TRAPPIST-1 duniyoyi bakwai gare shi, daga mai kewayen kwana 1.5 zuwa mai kusan 19, kuma dole dukkansu su ba da cunkoso ɗaya tunda tauraro ɗaya suke kewayawa. Wannan sharaɗin kaɗai yana matse kuskuren sosai. Ya fito kusan ninki 53 na cunkoson Rana. Da nauyi 0.09, girman 0.119, ya ɗara Mushtari kaɗan.

KazaDaYaya:
Sai dai 0.09 ɗin ba daga samfurin rayuwar taurari ya kamata a ɗauko shi ba. An sha ganin samfuran suna ba jajayen ƙananan taurari girma ƙasa da wanda ake aunawa a taurari masu rufe juna, da wajen kashi 5 cikin 100. Gara dangantakar nauyi da hasken infrared da aka gina daga taurari biyu-biyu da aka auna nauyinsu kai tsaye.

Tsinkaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura guda: in duniyar gefen faifan kawai ta shafa, ba ta shiga duka ba fa?

MalamFalaki:
Amin. A nan T23 babu shi, zanen ya zama mai tsini a ƙasa kamar harafin V. Zurfin ma ya daina zama k², don wani ɓangaren duniyar na waje. Ƙaramar duniya da ta shiga sosai da babbar da ta ɗan leƙo duk zane kusan iri ɗaya za su ba ka, har da tauraro na biyu mai shafar gefe. A irin wannan ba a neman cunkoso daga gittawar. Daga Gaia da bakan haske ake kawo shi a kafe a/R, sannan a ga iyakar girman da duniyar za ta iya kaiwa.